Kwana Biyar a Cikin Jirgi: Shirin Bikin Rigata na Yawuri

Gabatarwa

Ni ba Bahaushe ba ne. A Agege aka haife ni, kuma a bakin 'yan goro da mahauta na unguwar Sango na tsinci Hausa. Ikko gari ne na ruwa, amma duk Hausar da na koya a can ta tudu ce. Sai da wani abokina Bayawuri ya gayyace ni garinsu ana saura mako guda bikin Rigata, na yi kwana biyar a jirgin kawunsa, sannan na san akwai Hausar ruwa. Wannan maƙala za ta bayyana wa mai karatu yadda rayuwa take a cikin jirgi a irin waɗannan kwanaki.

Asalin Bikin

Yawuri masarauta ce a Jihar Kebbi, a gaɓar kogin Kwara. Daga cikin mutanenta akwai Gungawa, wato mazauna gungu, ma'ana tsibiri. Dattawa sun ce bikin ya samo asali daga fitar da jarumai kan yi cikin jirage domin farautar dorina, daga baya ya koma tsere da nuna gwaninta a gaban sarki. Kalmar "rigata" aro ce daga Ingilishi, amma ta zauna daram a bakin Bahaushe, wataƙila don ta yi kama da "na riga ka".

Rayuwar Yau da Kullum

Jirgin Kawu dogo ne siriri, na katako, da rumfar tabarma a tsakiya. A ƙarƙashinta ake kwana, nan ne kuma ma'ajiyar gari da gishiri. Murhu na can baya bisa kaskon da aka cika da yashi, don kada wuta ta taɓa katako. Da asuba, bayan salla, aikin farko shi ne kwalfe ruwan da ya tsattsafo cikin dare. Daga nan a zaga mamari, wato doguwar igiya mai ƙugiyoyi da aka ɗana tun yamma. Tarwaɗa da karfasa da aka samu, wasu a dafa, wasu a yi banda. A nan na koyi bambanta birgi da ake jefawa da taru da ake ja. Rana ta farko na miƙe tsaye ba shiri, jirgi ya karkata, Kawu ya ce, "Zauna ɗan Ikko, nan ba molue ba ne!"

Shirin Biki

Na zaci da fenti da tutoci za a fara, ashe su ne na ƙarshe. An jawo jirgin tsere gaɓa aka kife shi, aka bi kowace ɓaraka aka cusa tsumma, aka shafe da kwalta. Aka kankare filafilai. Da la'asar matasa kan yi gwaji, makaɗi na tsakiya, kowane filafili na faɗawa ruwa tare da bugun ganga. Na tambayi Kawu dalilin wannan wahala saboda wasan yini ɗaya. Ya ce, "Ɗana, ruwa ba ya sanin ranar biki." Yana da hujja. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968 ruwa ya shanye tsibirai da dazuzzuka, kututturan itatuwa kuma suka zama tarko ga jirage. A watan Mayu 2021 jirgi ya nutse kusa da Warra, aka yi asarar rayuka masu yawa.

Kammalawa

Ɗan kallo ado yake gani, amma matuƙi ya san toshe ɓaraka ne ke mayar da shi gida. Haka kuma wannan sana'a na ɗauke da kalmomin da ba mu cika jin su a aji ba, kuma injin na ta ture filafili. Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, mai neman batun kundin digiri ya ɗauki littafinsa ya nufi bakin ruwa tun dattawan na raye. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.