Makiyayi da Garkensa a Aƙidar Kirista

Cikin misalan da mabiya addinin Kirista suke bugawa domin bayyana yadda Ubangiji yake kula da bayinsa, kaɗan ne suka kai na makiyayi daɗewa da shiga zuciya, kuma ba za a gane dalili ba sai an dubi ƙasar da misalin ya fito. Tuddan Yahudiya, inda Baitalami take, wuri ne mai duwatsu da kwazazzabai, ruwan sama ba ya sauka sai da sanyi, ga kuraye da kyarketai, har da zaki a zamanin dā. Tunkiya kuwa dabba ce marar dabara, wadda idan ta rabu da 'yan'uwanta ba ta san hanyar gida ba. Makiyayin can gaba yake shiga, garke yana biye da shi, kuma ko da an kwantar da garkunan mutane da yawa cikin shinge ɗaya, da asuba kowa ya yi kira sai nasa su ware su bi shi, kamar yadda shanun Bafulatani suke gane muryar maigidansu a mashaya.

Daga nan ne Zabura ta 23, wadda ake jinginawa ga Annabi Dawuda, ta ɗauki hotonta. Ayoyi shida ne kacal, inda mai addu'a yake ɗaukar kansa tunkiya, Ubangiji yana kai shi ga ɗanyar ciyawa da ruwa mai kwanciya, yana kuma ratsawa da shi ta kwari mai duhu, riƙe da kulki na korar namun daji da sanda ta jawo wadda ta kauce. Har yau ita ake yawan karanta wa majinyaci, ita ake karantawa a bakin kabari.

Amma wanda ya ɗauka lallami kaɗai ke cikin misalin, a ganina, ya bar rabinsa mafi nauyi, wato amana da hisabi. Shari'ar Attaura, cikin Littafin Fitowa sura ta 22, ta hukunta cewa wanda aka ba kiwo, idan aka sace dabba a hannunsa sai ya biya, in kuwa naman daji ne ya kashe ta, wajibi ne ya kawo abin da ya saura domin shaida. Shi ya sa Amos, wanda shi kansa makiyayi ne daga Tekowa, ya yi zancen mai kiwo da yake ƙwato ƙafafu biyu ko guntun kunne daga bakin zaki. Sarakunan wancan yanki, irin su Hammurabi na Babila, sun saba kiran kansu makiyayan jama'a, don haka lokacin da Nebukadnezzar ya rushe birnin Ƙudus wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, sai Ezekiyel, yana zaman bauta a Babila, ya tuhumi shugabannin Bani Isra'ila, cikin sura ta 34 ta littafinsa, da shan madara da sa ulu alhali ba su ɗaure wa karyayya ƙafa ba, ba su nemo ɓatacciya ba, ya kuma ce Ubangiji zai karɓe garken ya yi kiwonsa da kansa.

Wannan alkawari ne Kiristoci suka yi imani ya cika a kan Yesu Almasihu. Linjilar Luka, sura ta 15, ta kawo misalin mai tumaki 100 da ya bar 99 a jeji ya tafi neman guda, lissafin da ba kowane mai dukiya zai yarda da shi ba, kuma an faɗe shi ne a matsayin raddi ga malaman da suke zargin Yesu da cin abinci tare da masu zunubi. A Linjilar Yohanna sura ta 10 kuwa an bambanta makiyayi nagari da ɗan ƙodago, wanda yake arcewa da zarar ya hango kyarkeci domin tumakin ba nasa ba ne, shi kuwa mai su yana ba da ransa. A nan aƙidar Kirista ta rabu da ta Musulmi, waɗanda ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, ko da yake hadisin da Buhari ya ruwaito, mai nuna kowa makiyayi ne abin tambaya kan kiwonsa, ya sa batun amanar ba baƙo ba ne a kunnen almajiri.

Tun kafin gicciye ya zama alamar da aka fi sanin addinin da ita, Kiristocin ƙarni na 3 sun riƙa zana saurayi saɓe da tunkiya a bangon maƙabartun ƙarƙashin ƙasa na Roma, haka ma a wata tsohuwar majami'a ta Dura-Europos a Sham. Bayan da daular Rum ta rungumi addinin, sai ga hoton makiyayin nan a birnin Rabenna, cikin ƙarni na 5, zaune da rigar zinariya da mayafin sarauta. Shugabannin majami'a ma sun ɗauki nauyin a wuyansu: Fafaroma Giregori na ɗaya ya wallafa littafi kan ladubban kiwon jama'a wajen shekara ta 590, bishop yana riƙe sanda mai lanƙwasa, kuma kowace ranar 21 ga Janairu akan sa wa 'yan raguna albarka a Roma, da ulunsu ake saƙa ɗan mayafin da manyan bishop-bishop suke ratayawa a kafaɗa.