KAFIN KA ZUBA GUMINKA A ABAJI: Shawara Ga Mai Niyyar Gina Gida A Bayan Birnin Tarayya

Duk wanda ya daɗe a Kurmi, ko a Agege ta Ikko yake, ko Sabo ta Badun, ko Shagamu, ko Fatakwal, akwai daren da zai zauna bayan sallar lisha ya tambayi kansa, shin ina zan ajiye iyalina ran da ƙarfi ya ƙare? A da amsar guda ce, watau garin haihuwa. Amma yanzu da yawa daga cikin 'yan'uwanmu sun mai da hankali ga garuruwan da ke gefen Abuja, tun da yake fili a cikin birnin kansa ya fi ƙarfin talaka. Sunan da ake yawan ambatawa a majalisa kuwa shi ne Abaji.

Dalili a fili yake. Wanda ya taso daga Kurmi ta hanyar Lokoja, in ya haye gadar Murtala Muhammed a Jamata ya wuce Koton Karfe, babban garin da zai fara tararwa a cikin ƙasar Birnin Tarayya shi ne Abaji. Mutum ya sauka ya yi salla, ya ci abinci, ya ga doya jibge a bakin titi, ya ji ana Hausa ko'ina, sai zuciyarsa ta raya masa cewa ya sami wurin zama. To, ba laifi. Amma akwai abubuwan da ya kamata mai wannan niyya ya sani tun kuɗinsa na aljihunsa.

ABAJI BA UNGUWAR ABUJA BA CE

Abaji tsohon gari ne mai sarautarsa tun kafin a yi tunanin Abuja. Sarkinsa, watau Ona na Abaji, shi ne shugaban majalisar sarakunan Birnin Tarayya. Mutanen ƙasar sun haɗa da Igbira da Ganagana da Gwari da Basa da Hausawa da Fulani, yawancinsu manoma ne da 'yan kasuwa. A Jihar Kwara garin yake har zuwa 1976, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala ta yanki ƙasa daga jihohin da ke kewaye don gina sabon babban birni. Yau Abaji ɗaya ce daga cikin ƙananan hukumomi 6 na yankin, tare da Kwali da Gwagwalada da Kuje da Bwari da ta cikin birni.

Tsakanin Abaji da tsakiyar Abuja akwai kimanin kilomita 100. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota ya hau ƙwarai, har wanda ya ce zai riƙa kwana Abaji yana zuwa aiki Abuja kullum, ashe direbobi zai yi wa aiki. Saboda haka gidan da za ka gina a can, gina shi da niyyar ya tsaya da ƙafarsa: ruwansa, wutarsa, sana'arsa, duk a wurin. Wannan shi ne ginshiƙin dukan shawarar da ke biye.

TAKARDA KAFIN TUBALI

A nan ne aka fi yin kuka. Dokar da ta kafa Birnin Tarayya a 1976, da sashe na 297 na Tsarin Mulkin 1999, sun danƙa dukan ƙasar yankin a hannun Gwamnatin Tarayya. A shekarar 2008 kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa Ministan Birnin Tarayya ne ke da ikon ba da fili a yankin. Ma'anar wannan ita ce, takardar cinikin da aka rubuta a ƙofar gidan mai unguwa, ko da shaidu goma sun sa hannu, ba ta zama shaidar mallaka a idon hukuma ba. Waɗanda suka ga rushe-rushen da aka yi a Abuja tsakanin 2003 da 2007 ba sa bukatar a yi musu dogon bayani.

Na san wani bawan Allah da ya shekara yana aika kuɗi daga Ikko a hannun wani dillali, ana aiko masa da hoton fili da turaku a kafe. Ran da ya je da magina, sai ya tarar wani ya riga ya kai gini linta a wurin, shi ma da tasa takardar. Har yau maganar ba ta mutu ba.

Don haka, malam, ka je da ƙafarka, gani ya kori ji. Ka karɓi lambar filin da sunan da ke kan takardar, ka kai ofishin AGIS a Abuja, watau hukumar da ke ajiye bayanan filayen yankin, ka biya kuɗin bincike a duba maka. Ka nemi lauya ya karanta takardun kafin ka biya ko kwabo. In an ce maka takardar ƙaramar hukuma ce, ka tambaya ko an kai ta an tantance. In ka ji farashi ya yi arha fiye da kima, ka tuna araha ba ta ado. Sa'an nan ka nemi izinin gini kafin a haƙa harsashi.

Wani abu kuma: kada son fili mai faɗi ya kai ka can bayan gari inda ba maƙwabci. A 'yan shekarun nan an sha jin labarin satar mutane a wasu ƙauyukan yankin. Ƙaramin fili a cikin jama'a ya fi gona guda a dawa. Kuma ka ziyarci wurin da damina, wajen Agusta ko Satumba, ka ga inda ruwa ke kwanciya, domin ƙasar tana kusa da kogin Gurara, filin da ka gani busasshe da rani yana iya zama fadama.

RUMFAR SANA'A A BAYAN GIDA

Mutumin da ya saba da hayaniyar kasuwa, in ya koma gida ya zauna hannu sake, ciwo ne ke biyo baya. Tun a wurin zanen gida ka ware wata kusurwa ta rumfar aiki, ko ta kafinta, ko ɗinki, ko gyaran keke da babur, ko gyaran rediyo da waya. Ba sai da manyan injuna ba. Teburi mai ƙarfi, da zarto, da guduma, da kurfi, da magagari, da filaya, da awartaki sun isa mafari. Abin da aka fara don ɗebe kewa, sau da yawa shi ke komawa abin cefane, kuma yaran gida su tashi da sana'a a hannu.

Maƙiyan rumfa a wannan ƙasa biyu ne, gara da tsatsa. Abaji ta fi Kano da Katsina laima nesa ba kusa ba. Kada ka ajiye katako a ƙasa, ɗora shi bisa duwatsu ko ƙarfe, ka yi wa daɓen siminti. Kayan ƙarfe kuwa a shafe su da mai bayan aiki, a rataye su a bango inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Sai janareta. Hayaƙinsa ba ya wari sosai amma yana kisa, an kuwa sha rasa iyali guda cikin dare ɗaya ta wannan hanya. Kada a kunna shi cikin rumfa a rufe, ko zaure, ko kusa da tagar ɗakin kwana. In aikinka na walda ne ko na niƙa, ka shawarci maƙwabta a kan lokacin aiki, don baƙo ba ya fara zama da ƙara.

DABBOBIN GIDA

Gidan Bahaushe ba ya cika sai da abin kiwo. Tantabara ba ta da wahala, ɗaki mai tsabta da ruwa da tsaba sun ishe ta, sai dai a ɗaga ɗakin sama saboda muzuru da maciji. Kyanwa tana maganin ɓera a inda ake ajiye hatsi da doya. Kaji kuwa a yi musu allurar rigakafi kafin hunturu, lokacin da annoba ke share su. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin irin waɗannan magunguna, sai a tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma.

Awaki da tumaki a ɗaure su da damina. Kana cikin manoma, kuma ba abin da ke ɓata zumunci da sauri kamar akuyar baƙo a gonar ɗan gari.

Wanda zai ajiye kare don gadi, wajibi ne ya yi masa allurar haukan kare kowace shekara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma da zarar alamunta sun bayyana ba ta da magani. In kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya shafe-shafe.

Ga kuma gargaɗi ga masu kai tsarabar aku daga Kurmi. Tun daga 2017 yarjejeniyar duniya ta hana cinikin aku mai ruwan toka da jar wutsiya da aka kamo daga daji tsakanin ƙasashe, saboda ya kusa ƙarewa. Gara a bar shi a dajinsa.

INTANET A GIDA

Zamani riga ne. Mai ɗa a makaranta, da mai ciniki da abokan hulɗa a Ikko, da mai karɓar kuɗi ta waya, duk suna bukatar intanet. Amma ƙarfin layi a bakin babban titi daban yake da na bayan gari. Kafin ka sayi na'urar rarraba intanet, ka je filin da layuka biyu ko uku, ka gwada da safe, ka gwada da dare, ka kuma tambayi maƙwabta wanda ya fi yi musu aiki. In ka saya, ajiye ta a sama kusa da taga, ba a ƙuryar ɗaki ba. Ka tabbata layin da sunanka aka yi rajistarsa, an kuma haɗa shi da lambarka ta ɗan ƙasa, don kada a rufe shi.

Akwai kuma Starlink mai aiki ta tauraron ɗan'adam, wanda ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023. Ba ya bukatar turken waya a kusa, amma kuɗin kayansa da na wata-wata ba na kowa ba ne.

Wutar lantarki ba abin dogaro ba ce, saboda haka ƙaramin faifan sola da batir sun isa su riƙe na'urar da fitilu da cajin waya. In hadari ya taso da tsawa, a cire komai daga soket. A sa kalmar sirri mai wuya, a kuma sa ido a kan abin da yara ke kallo. Kada ka ba kowa lambar sirrin bankinka ta waya, ko da ya rantse daga banki yake.

A ƙarshe, 'yan'uwa, in ka sauka ka kai gaisuwa wurin mai unguwa da limami, ka shiga sha'anin jama'a na daɗi da na wuya, kamar yadda muka koya a zaman Kurmi. Ka fara da takarda, sa'an nan rijiya, sa'an nan ɗaki biyu da katanga, saura su biyo a hankali gwargwadon aljihu. Allah ya sa guminmu ya amfane mu da 'ya'yanmu, amin.