Feɗe Waƙa a Aikin Gida: Inda Ɗalibai Ke Tuntuɓe

Yawancin ɗaliban sakandare da aka bai wa jingar nazarin rubutacciyar waƙa sukan ɗauka cewa an nemi su maimaita abin da mawaƙi ya faɗa ne cikin zube, alhali kuwa abin da malami da masu duba jarrabawar WAEC da NECO ke nema shi ne bayanin yadda aka gina waƙar da dalilin gina ta haka. Hanyar da aka fi bi a makarantu ita ce wadda Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya shimfiɗa a littafinsa Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, inda ake duba jigo, wato babban saƙon waƙa, da zubi da tsari, wato yadda aka jera baitoci da ɗangogi, sannan salo da sarrafa harshe.

Zubi da tsari ba ya ba da wahala, domin ƙirga ne: waƙar Sa'adu Zungur, Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, 'yar ƙwar biyu ce, ma'ana kowane baiti yana da ɗango biyu, kuma amsa-amonta, wato sautin da baitoci ke ƙarewa da shi, "ya" ne. Salo ne wurin tuntuɓe, saboda ɗalibi yakan rubuta cewa akwai kamantawa ko mutuntawa a baiti kaza, ya ajiye alƙalami, ba tare da ya nuna abin da adon harshen ya ƙara wa jigo ba, wanda kuwa shi ne ainihin nazarin.

Maganin wannan yana cikin ginin sakin layi. Jimlar farko ta ɗauki ra'ayi guda tak, ta biyu ta kawo hujja daga baitin da aka ambaci lambarsa, sauran kuma su warware yadda hujjar ta tabbatar da ra'ayin, kuma duk lokacin da sabon ra'ayi ya taso, a buɗe masa nasa sakin layin.

Iyaye da yayyen da ke taimakawa a gida za su fi amfanar da yaro idan suka sa shi ya rera waƙar da baki, tun da don rerawa aka tsara ta, kuma kunne yakan kama kari, wato ma'aunin sautin waƙa, da amsa-amo kafin ido ya gan su. Rubuta masa amsa kuwa cutarwa ce, domin a zauren jarrabawa shi kaɗai zai zauna da baitin.