Tumbuɗin Jariri da Magungunan da Ake Ɗura Masa

Cikin jarirai goma, aƙalla huɗu suna tumbuɗi. Wannan ƙiyasin hukumar NICE ne, wadda ke tsara wa likitocin Ingila ƙa'idojin aiki, a jagorar da ta fitar a 2015. Abin kan soma kafin jariri ya cika mako 8, ya yi ƙamari wajen wata 4, daga nan ya riƙa ja da baya. Kafin shekara ta zagayo, tara cikin goma sun daina, ba tare da an ɗiga musu komai a baki ba. Tsofaffin gidajenmu ba su karanta wannan jagora ba, amma idan mai jego ta ɗaga hankali don yaro ya ɓata mata kafaɗa, uwar miji takan ce, "Ke dai goge masa baki, ƙoshi ne." A mafi yawan lokuta gaskiyarta ce.

Dalilin a halittar jaririn yake. A inda bututun abinci ya haɗu da tumbi akwai wani zoben tsoka da ke buɗewa abinci ya wuce, sannan ya tsuke. A jikin jariri wannan zobe kamar zariyar wando yake da ba a ja ta sosai ba, yana saki ba gaira ba dalili. Ga bututun gajere, ga abincin ruwa zalla, ga mai shi kullum a kwance. Tumbin kuma ɗan mitsitsi: ranar haihuwa abin da yake ɗauka bai fi cokalin shayi ɗaya da 'yan kai ba, kuma ko ya yi wata guda da wuya ya haura mililita 150. Amma dubi abin da ake bukatar ya sha: kimanin mililita 150 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. Da babban mutum mai kilo 70 zai bi wannan lissafi, sai ya shanye fiye da lita 10 na madara kullum, yana kwance rigingine. Wa zai yi haka bai tumbuɗa ba?

Ido ma yana ruɗin uwa. A ɗebi madara cokalin cin abinci ɗaya a zuba a kan zani, a tsaya a ga yadda take yaɗuwa ta yi faɗin tafin hannu. Yawancin abin da ake ce wa "ya dawo da duk abin da ya sha" bai wuce haka ba. Alƙalin da ba ya son zuciya shi ne katin awo. Idan nauyin yaro yana hawa, yana kama nono da ƙarfi, yana jiƙa nafkin kamar sau shida a yini, to wahalar ta tsaya a kan mai wanki.

Akwai aman da ba a kwana da shi a gida, kuma wajibi ne a san shi. Amai kore shar alama ce ta toshewar hanji, aikin tiyata ne na gaggawa. Haka amai da jini, ko jini a kashi, ko kumburin ciki, ko zazzaɓi a jaririn da bai kai wata 3 ba, ko maɗigar da ta kumbura ko ta lotsa, ko yaron da ya yi laushi ya ƙi nono. Sai kuma aman da ke fita da ƙarfi yana tsartuwa nesa bayan kowane shan nono, tsakanin mako 2 zuwa 8, yaron yana rama alhali da ya gama aman yake sake neman nono. Wannan sau da yawa tsokar mafitar tumbi ce ta yi kauri ta toshe hanya. Ya fi kama maza, musamman 'yan fari, kuma maganinsa ƙaramin aiki ne da ke ɗauke da sunan likitan Jamus Conrad Ramstedt tun 1912. Aman da ya faro bayan wata 6, ko ya zarce shekara, shi ma a kai shi a duba. Abin takaici, a wurare da dama irin wannan yaro wajen wanzami ake fara kai shi a cire masa beli, a ƙara masa zubar jini da haɗarin ƙwayar cuta a kan ciwon da ba a taɓa ba.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, matakin farko ba na kemis ba ne. A duba yadda yaro ke kama nono, don mai kama kan nono kaɗai iska yake haɗiya. Mai shan madarar gwangwani a auna abin da ake ba shi, a rage yawan na lokaci guda a ƙara yawan lokutan. In ya gama, a ɗora shi a kafaɗa, haɓarsa a saman kafaɗar, tafin hannu ɗaya a ƙarƙashin ɗuwawunsa, ɗayan yana shafa baya daga ƙasa zuwa sama har ya yi gyatsa, a bar shi a miƙe kamar minti 20 zuwa 30. Goyo yana taimakawa saboda yaro a tsaye yake, amma a ɗan jinkirta, kada a tamke majanyi a kan cikin da ya cika yanzu-yanzu. A nisanta shi da hayaƙin taba. Ruwa, dauri, zuma, duk ba su da gurbi kafin wata 6. Zuma kam sai an cika shekara. Wani lokaci kuma ba tumbuɗi ba ne zalla, jikin yaron ne ba ya jituwa da furotin ɗin madarar shanu, sai a ga ƙuraje da gudawa sun biyo baya. A nan likita kan ce uwa ta bar madara da kindirmo da fura da nono na mako 2 zuwa 4 a gani.

Barci kuwa a rigingine, a shimfiɗa mai tauri wadda ba a tada kanta ba, ko da yaro mai tumbuɗi ne. Iyaye suna tsoron ya shaƙe, amma kifa jariri shi ne ke da alaƙa da mutuwar farat ɗaya cikin barci. A Amurka an janye gadon jarirai mai gangare na Rock 'n Play miliyan 4.7 a 2019 bayan mutuwar jarirai fiye da 30, kuma a 2022 doka ta haramta sayar da irinsa.

To, ga magani. Nan ne zance yake da nauyi, domin tarihin magungunan tumbuɗi cike yake da waɗanda aka rungume da murna aka yar da kuka. Cisapride ya yi tashe a ɗakunan jarirai har sai da aka gano yana rikita bugun zuciya, aka janye shi a Amurka a 2000. Ranitidine, wanda aka fi sani da Zantac, shi ne aka yi shekaru ana ɗiga wa jarirai, sai a Afrilun 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ce a kwashe shi daga kasuwa saboda sinadarin NDMA da ake zargi da jawo kansa, wanda ke ƙaruwa a cikinsa idan ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi. Duk wanda ya san zafin shagon kemis a watan Afrilu ya san abin da wannan ke nufi. Wanda ke da ragowar kwalbarsa a durowa ya zubar.

Waɗanda suka maye gurbinsa su ne dangin omeprazole da lansoprazole, maganin olsa da manya suka sani. Aikinsu rage tsamin ciki. Ba sa tsuke zoben nan, don haka nonon zai ci gaba da dawowa yadda ya saba. Hujjar masu ba da shi ita ce wai ƙwannafi ne ke sa yaron kuka da banƙarewa. An gwada wannan zato. A 2009 Dakta Susan Orenstein da abokan aikinta suka wallafa gwajin da suka yi wa jarirai 162: rabi aka ba su lansoprazole, rabi aka ba su abin da ba magani a cikinsa. Kashi 54 cikin 100 suka samu sauƙi a wannan ɓangare, kashi 54 a wancan. Bambancin da aka gani a wajen illa ne, inda ciwon ƙirji mai tsanani ya fi yawa ga masu shan maganin. Kukan jarirai dama yana kai ƙololuwa wajen mako 6 ya lafa a wata 3 zuwa 4, saboda haka duk abin da aka ba yaro a wannan tsakanin shi zai kwashe ladan da lokaci ya yi aikinsa.

A ganina wannan ya fi shafarmu fiye da waɗanda suka yi gwajin. Tsamin ciki ba kuskuren halitta ba ne, shi ke kashe ƙwayoyin cutar da suka shiga ta baki. A ƙasar da gudawa da limoniya ke sahun gaba wajen kashe ƙananan yara, ruwan sha kuma ba kullum ake da tabbacinsa ba, kwance wa jariri wannan kariya ba ƙaramar kasada ba ce. A bakwaini abin ya fi muni, don an danganta magungunan rage tsami da wani mugun ciwo da ke ruɓar da hanji.

Gaviscon na jarirai ya fi sauƙi, yana kaurara abin da ke cikin tumbi, kuma yakan rage tumbuɗin. Illarsa da iyaye suka fi kuka da ita taurin kashi ne: yaro ya yi ta yunƙuri, fuska ta yi ja, abin ya fito 'yan dunƙule-dunƙule. Akwai gishiri a cikinsa, don haka ba a ba mai gudawa ko zazzaɓi ko mai ciwon ƙoda, ba a kuma haɗa shi da madarar da aka riga aka kaurara. Gwajin mako 1 zuwa 2 ake yi. In bai yi ba, a bari. Na manya kuwa ba na jariri ba ne ko kaɗan.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne maganin amai. Uwa ta je kemis ta ce, "Malam, yaron nan komai ya sha sai ya dawo da shi," a miƙo mata metoclopramide, mai sunan Maxolon ko Plasil. Bayan 'yan sa'o'i, ko kwana ɗaya zuwa biyu, sai wuyan yaro ya karkace, idanu su kafe sama, harshe ya zazzago, baya ya banƙare. Gida ya ruɗe. Wani ya ce taune-taune ne, wata ta ce iska ce, a kawo hayaƙi da rubutu, kuma ba wanda ya waiwayi kwalbar da ke kan taga, har ma a ƙara masa wani cokali tunda lokacin sha ya yi. Wannan sananniyar illar maganin ce a ƙwaƙwalwar yara, kuma saboda ita ne hukumar magunguna ta Turai ta hana ba wa 'yan ƙasa da shekara ɗaya shi a 2013. Abin yi shi ne a tsayar da maganin, a garzaya asibiti da yaron da kwalbar tare. Akwai allurar da ke warware shi. Domperidone yana taɓa bugun zuciya, kuma Birtaniya ta daina yarda da shi ga 'yan ƙasa da shekara 12 a 2019. Promethazine, wato Phenergan, da wasu ke ba jariri don ya yi barci, yana iya danne numfashi, an kuma hana shi ga wanda bai kai shekara 2 ba. Ruwan giraif da ake saya kamar sadaka, wanda William Woodward ya haɗa a Ingila tun 1851, babu hujjar cewa yana hana tumbuɗi. Kuma Najeriya, ƙasar da ta binne yara 84 tsakanin 2008 da 2009 sanadin gurɓataccen ruwan maganin haƙori na My Pikin, ba ta bukatar a tuna mata cewa kwalba mai zaƙi ma tana kisa.

Duk da haka akwai jaririn da maganin rage tsami ya wajaba a kansa: wanda tsamin ya ƙona masa bututun abinci, yana ƙin nono saboda zafi, nauyinsa ya tsaya ko yana raguwa, da kuma wasu yara masu lalurar ƙwaƙwalwa. Wannan likitan yara ne zai yanke, ya auna maganin da kilon yaron, ya kuma sa ranar dawowa, galibi bayan mako 4. In ba a ga canji ba a daina, maimakon a ninka ko a ɗora wani a kai. Yaron da ya daɗe a kan omeprazole a hankali ake rage masa, saboda tsamin kan yi ɗan tashi na 'yan kwanaki idan aka yanke lokaci guda, sai iyaye su ɗauka ciwon ne ya dawo. Kumburin fuska ko leɓe, ƙuraje masu tasowa, ko numfashi mai ƙara bayan shan kowane magani, maganar asibiti ce nan take. A Najeriya ana iya kai rahoton irin wannan illa ga NAFDAC ta manhajar Med Safety, ko ta hannun likita ko mai haɗa magunguna na asibitin, tare da sunan maganin da lambar da ke jikin kwalinsa.