Gyaran Babban Lambu Ma Sai Da Izinin Hukuma

'Yan kasuwa da dama masu zuba jari a otal-otal, gidajen biki da wuraren shaƙatawa suna ɗaukar cewa neman izinin hukumar tsara gari aikin masu gina bene ne kawai. Doka kuwa ba haka ta ce ba, kuma wannan rashin sani kan jawo asarar dukiya mai yawa.

Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 ba ta tsaya ga gine-gine ba. Ta sa duk wani aikin injiniya a kan ƙasa ko ƙarƙashinta, da babban canjin amfani da fili, har da sare itatuwa, cikin ayyukan da sai an nemi izini. Saboda haka, wanda zai haƙa tafkin ninƙaya, ya cike kwari, ya karkatar da magudanar ruwa ko ya ja katanga, ya shiga hurumin hukuma. Shuka furanni da ciyawa a tsakar gida ba shi ne abin nufi ba.

Takardar mallakar fili ma ba ta wadatar ba. Ita dai tana nuna haƙƙin mutum a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, da kuma abin da aka ba da filin dominsa. Mai da filin gidan zama wurin biki na haya canjin amfani ne, wanda ke buƙatar amincewa ta daban.

Inda za a kai takarda kuwa ya danganta da garin da filin yake. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke hukuncin cewa tsara gari hurumin jihohi ne, ikon tarayya kuma ya tsaya a Babban Birnin Tarayya. A Legas, hukumar LASPPPA ce ke ba da izinin aiki, sare itace kuwa sai da yardar hukumar lambuna ta LASPARK. A Abuja, Sashen Kula da Gine-gine ne ke duba taswira, Sashen Lambuna kuma ke kula da filayen da tsarin birnin na 1979 ya keɓe wa itatuwa da shaƙatawa. Gine-gine da yawa da aka yi a irin waɗannan filaye sun sha rusau, musamman tsakanin 2003 da 2007, zamanin Minista Nasir el-Rufa'i.

Akan buƙaci mai nema ya gabatar da takardar mallaka, taswirar safiyo da zanen ƙwararre mai rajista. Dokar 1992 ta ƙara da cewa babban wurin shaƙatawa sai da rahoton tasirinsa ga muhalli. Ta ba hukuma wata 3 ta yanke shawara, izinin kuma yana aiki ne shekara 2. Wanda ya fara aiki ba takarda, ana iya tsayar da shi, a kuma rushe abin da ya gina.

Abin da ya fi dacewa ga mai jari shi ne ya sa kuɗin izini da watannin jira cikin lissafinsa tun farko, kada ya biya ɗan kwangila kafin takarda ta shigo hannu. Bashin banki ba ya daina haihuwa domin an tsayar da aiki.