Jingina da Bango Domin Rage Hawan Jini

Hawan jini ya addabi gidajenmu, ga shi ba kowa ke da sukunin fita motsa jiki ba, balle iyayenmu mata. A shekarar 2023, masana a Ingila sun nazarci gwaje-gwaje 270, suka gano cewa ƙanƙame tsoka ba tare da motsi ba ya fi gudu saukar da jini: mai awon 15 kan dawo kusa da 14.

A jingina baya da bango, a lanƙwasa gwiwoyi tamkar mai zama bisa kujera, a jure minti 2, a huta minti 2. Sau 4 ke nan, kwana 3 a mako. Cinyoyi za su yi makyarkyata, ba komai. Sai dai kada a riƙe numfashi, domin yana ɗaga jini nan take. Mai shan magani kuwa kada ya bari, kuma ya shawarci likita tukuna.