Shanyewar ɓarin jiki: sai an ga hoto kafin a yi allura

Dattijo na alwalar asuba a wani ƙauyen Gazawa, sai buta ta suɓuce masa. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannun dama ya saki. Kafin hantsi an ce iska ce, an kawo rubutu da hayaƙi. Maganar mota zuwa Maraɗi sai jibi.

Ciwon nan iri biyu ne, a ido kuwa kamarsu ɗaya. Ko dai gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya malala. Akwai allurar da ke narkar da gudan, alteplase, wadda Amurka ta amince da ita a 1996. Mai toshewa tana iya maido masa da hannu da harshe. Wanda tasa ta fashe kuwa, zubar jinin za ta ƙara masa, har ta kai shi kushewa. Shi ya sa likita ba ya taɓa sirinji sai sikana ta nuna masa cikin kai. Kuma fashewar ba baƙuwa ba ce a ƙasashenmu: binciken SIREN a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya same ta a kusan mutum ɗaya cikin uku na masu ciwon, hawan jini ne kuma uban tafiyar.

Sai lokaci. Tun 2008 wa'adin allurar awa huɗu da rabi ne daga farawar ciwo. To, wanda ya farka barci da shi fa? A 2018 wani gwaji a Turai ya nuna na'urar MRI na iya zama agogo. Hoto iri biyu ake ɗauka: ɗaya na nuna ɓarna cikin mintoci, ɗayan sai bayan awoyi. In na farko ya nuna, na biyu bai nuna ba, ciwon sabo ne, ana iya allura.

Sai hanya. Daga garin Agiye zuwa Maraɗi kusan kilomita 80 ne, daga Gidan Rumji ma bai kai haka ba. Kwalta ba ta cin awa huɗu. Amalanke daga ƙauye zuwa bakin hanya, da zaman shawarar wa zai biya, su ke cinye wa'adin.

Don haka, jama'a, in baki ya karkace a riƙe lokacin, ko da "bayan la'asar" ne, domin shi likita zai fara tambaya. Kada a ɗura wa majinyaci ruwa ko asfirin. A kama hanya, a yi masa addu'ar a cikin mota.